Ammi, Wutar Idon Abba Ta Huce

Zuwa ga mahaifiyata, Hajja Amne,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, irin wadda 'ya ke yi wa uwarta a durƙushe, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama, Ya yalwata miki makwanci, Ya haskaka shi. Ba zan tambaye ki gajiya ba, na san kin huta da ita. Mu nan unguwar Mairi muna nan yadda kika bar mu, sai abin da ba a rasa ba. Yayana Jidda bai san ina rubuta wannan ba. In ya gani a waya zai kira ya ce na tona asirin gida. To ya kira ɗin. Na gaji da haɗiye magana.

Dalilin wannan takarda shi ne in sanar da ke halin da idon Abba yake ciki. Na dama ya tafi gaba ɗaya. Na hagu saura ɗan kaɗan, shi ma yana kan hanya, kuma mijinki ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai koma Kano a sake yi masa aiki ba.

Na san da kina nan da kin ce, "Kaltume, ki fara daga farko mana, ba kowa ne ya kwana a gidanku ba." To bari in fara daga farko, saboda waɗanda za su karanta wannan ba su san mu ba.

Ke kika ba mu labarin cewa Abba a bayan shanu ya buɗe ido, can wajen bakin tafki, kafin rayuwa ta koro ku cikin gari ya zama dillali a Kasuwar Shanu. Kin sha faɗa mana cewa da ido ya gina gidan nan. Gaskiya kika faɗa. Tun daga bakin ƙofar kasuwa zai hango saniya a can ƙarshen turke ya ce wannan tana ɗingishi a ƙafar baya, a je a duba a tarar haka ne. Manyan alhazai na aiko masa da saƙo daga Kano da Legas, ba sa ko zuwa, su ce abin da idonsa ya zaɓa ya ishe su.

Abu na biyu da yake alfahari da shi, kin fi ni sani, shi ne lalas. Dabba ta kumbura a gwiwa ko ta kwanta ta ƙi tashi, sai ya sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, a danne ta, ya ɗora mata a inda ya dace, sau ɗaya tak. Shi kansa yana da tabon a gefen cikinsa, wanda kakarmu ta sa aka yi masa yana yaro da shawara ta kama shi. Ko mura ɗayanmu ya yi sai ya ɗaga riga ya nuna mana. "Kun ga wannan? Tun daga ranar ciwon bai sake sanin hanyar gidanmu ba." Mu yi ta dariya, ke ki ce ya sauke rigarsa yana ba yara tsoro.

Ke kika fara lura. Kika ga yana zuba shayi rabi a kofi rabi a tabarma, yana bugun ƙyauren zaure da kafaɗa, yana cewa kafinta ne ya ƙanƙance ƙofa. Ƙofar da yake shiga tun ban san kaina ba, wai ita ce ta ƙanƙance. Kika lallaɓa shi har asibiti a nan cikin gari, ni kuma kika ja ni don ni ce mai boko.

A nan muka fara jin sunan abin, hawan jinin ido. Likita ya yi mana bayani a hankali. Ya ce akwai ruwa a cikin ido da ke shiga yana fita ta wata 'yar magudana. In magudanar ta toshe sai ruwan ya taru ya danne jijiyar gani, ta riƙa mutuwa kaɗan-kaɗan. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, ba jan ido. Daga gefe yake fara ci, mutum na ganin gabansa tar yana cewa lafiyarsa ƙalau. Kuma abin da ya ci ya ci ke nan, ba ya dawowa. Kika riƙe haɓa kika ce, "Wannan ai ɓarawo ne, ba ciwo ba."

Sai aka shiga yaƙin maganin ɗigawa. Wayyo Ammi, kin sha fama. Safe da yamma kina bin dattijo da 'yar kwalba, shi yana zillewa kamar yaron da za a yi wa aski. Ya ce barkono ne aka narka. Ya ce yana mayar masa da ido ja, 'yan kasuwa za su ɗauka ya fara shaye-shaye da tsufansa. Lokacin nan garin ba wutar lantarki, zafi kuwa ba a magana, sai kika riƙa binne kwalbar a cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa don kada ta lalace. Har yau in na sunkuya ɗiban ruwa sai idona ya kai wurin.

Da likita ya ga awon ya ƙi sauka yadda yake so, kuma ya gane rabin maganin a gemun Abba yake ƙarewa, sai ya ce mu je Kano. Akwai asibitin da ke da na'urar leza, za a harba haske a kan magudanar nan ta buɗe. Abba ya ce babu inda za shi. Ido guda biyu Allah Ya ba shi, ba zai kai su a yi masa wasan tocila da su ba.

Ba ki yi gardama da shi ba. Wannan ne abin da na kasa koya a wurinki. Da safe kika haɗa masa kaya a jaka, kika ɗaura lafayarki ruwan toka, wadda kike zuwa unguwa mai nisa da ita, kika zauna a kan dakalin zaure da jakar a gabanki. Ya fito zai tafi masallaci ya gan ki, ya wuce. Ya dawo ya gan ki, ya shige ciki. Ya fito zai tafi kasuwa, kina nan, ba ki karya ba, ba ki ce uffan ba. Ya tsaya a kanki ya daɗe, sannan ya kira ki uwar Jidda da Shuwanci, ya ce, "Am Jidda, ke dai ba za ki bar mutum ya mutu da mutuncinsa ba. Tashi mu je." Muka kama hanyar tasha a gurguje don mu fita gari da sauran rana.

Aikin kansa, in gaya wa masu karatu, bai kai a dafa shayi a shanye ba. Aka ɗiga masa wani magani ido ya yi sanyi, ya ɗora haɓa a kan na'ura, likita ya manna masa wani ɗan gilashi a ido, muka riƙa jin ƙas, ƙas, ƙas. Ba jini, ba ɗinki, ba kwanciya. Da ya miƙe ya tambayi abin da aka yi masa, likita ya sake bayani, cewa haske ne mai ɗan zafi aka taɓa bakin magudanar da shi. Sai na ga fuskar Abba ta washe kamar ya haɗu da ɗan garinsu a Makka. Ya buga cinya ya ce, "Ashe lalas ne! Me ya hana ku faɗa tun farko? Ai da da ƙafata zan zo."

Kowa ya yi dariya, har nas. Ke kaɗai ba ki yi ba. Kika gyara lafaya kika tambayi likita da Hausarki mai ɗanɗanon Shuwanci, "Likita, wannan wuta, har yaushe?"

Allah Ya saka wa mutumin nan da alheri, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ba warkewa ba ce, sauƙi ne. Ya ce ba wanda zai iya yanke mana lokaci. Wani ta riƙe shi shekara ɗaya ko biyu, wani ta kai shi wajen biyar, wani ma ba ta kama shi ba sam. Ya ce ƙarfinta raguwa yake yi a hankali, kuma ranar da ya ƙare mutum ba zai ji komai a jikinsa ba, na'urar awo ce kawai za ta nuna. Don haka kada mu daina zuwa awo ko da ido ya yi garau. In ta huce, ana iya sake yi. Ya maimaita wannan har sau biyu yana kallon Abba.

Abba ya ji, Ammi. Kada wani ya ce bai fahimta ba. Hausa aka yi masa, kuma ya fi ni jin Hausa. Muna shiga mota ya ce, "Yaron kirki ne, amma bai san wuta ba. A takarda ya karanta ta. Ni da hannuna na riƙe ta. Wuta in ta kama ta kama."

Abin haushin shi ne, ta kama ɗin. Muka dawo Maiduguri, aka auna, awo ya sauka. Aka sake aunawa, yana nan a ƙasa. Har likitan nan gida ya ce a ajiye maganin ɗigawa tukuna a gani. Ranar Abba ya sayo tsire ya raba wa yaran layi. Waɗannan shekarun su ne mafi daɗi da na tuna a gidanmu. Ba kwalba, ba guje-guje, ya koma kasuwarsa yana taƙama. Ke dai ba ki fasa ba. Duk sanda lokacin awo ya zagayo sai ki ɗaura lafaya, shi kuma ya bi ki yana mita. Ku dawo ya ce da mu, "An auna, an ce uwarku ta yi asarar kuɗin keke napep." Ki ce, "Na ji, asarar tawa ce." Wani lokacin ya zagayo ki sake ja shi.

Sai kika kwanta. Ba zan shiga wannan ba, ban iya ba har yanzu. Cikin 'yan makonni aka ɗauke ki daga tsakar gidan nan, aka bar mana randa da lafayoyi da dattijo mai taurin kai.

Bayan an share makoki na tuna masa da awo. Ya ce ba yanzu ba. Na sake tunawa bayan azumi, ya ce damina ta wuce. Damina ta wuce ya ce, "Kaltume, uwarki nake rakawa asibitin nan, ba idona nake kaiwa ba. Tunda ba ta, wa zan raka?" Na yi magiya. Na yi faɗa, kin san bakina. Na yi fushi na daina zuwa gidan, na huce na dawo. Na turo mijina, ya dawo yana cewa Abba ya ba shi shayi da labarin wani bijimi da ya yi wa lalas a Khaddamari ya tashi yana gudu. Duk wanda na tura sai ya dawo da labarin bijimin nan. Wallahi na tsani bijimin nan, ko ganinsa ban taɓa yi ba.

Shi kuwa yana ganin gabansa, yana gane mutane, yana karanta lambar waya. Me zan nuna masa? Ciwon da ba ya ciwo, da me ake tsorata mutum da shi? Mutane suka fara ƙorafi wai Alhaji ya yi girman kai, ana ɗaga masa hannu a Kasuwar Kwastam yana wucewa. Ya riƙa tuntuɓe da buta yana zagin wanda ya ajiye ta a hanya. Na ce masa alamun nan ne suka dawo. Ya ce tsufa ne, ni ma ina tafe.

Babbar Sallar da ta wuce ce ta fasa ƙwan. Kin san ba ya yarda kowa ya zaɓo ragon layyar gidan nan sai shi. Jajiberi ya tafi shi kaɗai, ya dawo a keke napep da wani ƙaton rago fari mai baƙin wuya, yana ta washe baki. Ya sa muka fito. Ya shafa haƙarƙari, ya ɗaga wutsiya, ya buɗe haƙora yana nuna mana. Ragon kuwa, Ammi, idonsa ɗaya fari fat, mataccen ido, ko yaro ya gani daga nesa ya san ba ya layya. Matar Jidda ta shige kicin. Jidda ya zare mini ido kada in faɗa.

Wanda ya faɗa shi ne Ba Modu, abokinsa na Kanuri, wanda kike cewa shi da Abba kamar ƙwarya da faifai. Ya shigo gaisuwa, ya zagaya ragon, ya yi sannu da Kanuri, ya ce da zuciya ɗaya, "Wushe, Alhaji, wushe. Wannan na miya ne ko? Ina na layyar?" Bai san abin da ya taka ba, bawan Allah.

Abba ya matso wajen ragon. Ya durƙusa ya kama kan ragon da hannu biyu, ya kawo fuskarsa kusa, ya riƙa juya kansa a hankali, dama, hagu, sama, har ya samo idon ragon. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "Jidda, je ka sayo wani." Tun da aka haife ni ban taɓa jin ya aiki wani sayen dabba ba. Ya shiga ɗaki, abincin rana ya dawo yadda aka kai shi.

Bayan Sallah da kansa ya ce in kai shi awo. Wata likita muka samu, mace, ba ta fi ni shekaru ba. Ta tambayi rabonsa da zuwa, na ce tun rasuwar mahaifiyata. Ba ta yi mana faɗa ba, da ma ta yi da na fi jin sauƙi. Aka sa shi a wata na'ura da mutum ke cusa fuska, a ba shi abin dannawa a hannu, duk sanda ya ga ɗigon haske ya danna. Aka rufe na hagu aka fara da na dama. Ina tsaye a baya ina ganin ɗigon na walƙawa nan da can. Abba na zaune shiru, yatsansa bai motsa ba. Can ya ce, "To ku kunna mana, muna da abin yi." Na fita waje na jingina da bishiyar darbejiya na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da ke.

Likitar ta ce wutar ta huce, wataƙila da daɗewa, ba wanda zai iya cewa a wane wata. Jijiyar idon dama ta mutu, babu abin da za a yi mata. A na hagu saura 'yar kafa a tsakiya, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Ta mayar da shi kan maganin ɗigawa, muka koma bayan 'yan makonni, awon ya sauka amma bai kai inda take so ba. Ta ce abu biyu ya rage. Ko a koma Kano a sake lezar, ko a yi tiyata a buɗe sabuwar magudana. Ta ce kada mu sa rai da dawowar komai, abin da ake nema kawai a riƙe 'yar kafar nan kada ta rufe.

Sai na ji tambayarki ta fito daga bakina. Na ce, likita, in an sake, har yaushe? Ta ba ni amsar da aka ba ki. Ba wanda ya sani. Ta ƙara da cewa wani lokacin ta biyu ba ta kai ta farko riƙo, musamman ga idon da ya riga ya yi nisa irin wannan. Amma in an bar shi haka, ta ce, wannan kam ta san inda zai ƙare.

A gida na zaunar da shi na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurare ni har na gama, abin da bai saba ba. Sannan ya ce, "Na yi wa dabbobin da ba zan iya ƙirgawa ba lalas. Ban taɓa ɗora ƙarfe a kan tabo ba. Fatar wurin ta riga ta mutu, in ka sake ruɓewa za ta yi. In ta farko ba ta yi ba, mahauci ake kira." Na ce to tiyatar fa? Ya ce, "Ai kin ji. Wuƙa bayan wuta. Ita ma likitar ta san tsarin."

Na ce Abba, wannan ba irin ƙarfenka ba ne, likita ta ce ba ta barin tabo irin wancan, shi ya sa ake iya maimaitawa. Ya ɗago ya nemo ni da 'yar kafar idonsa ya ce, "In ba ta bar tabo ba, ashe tun farko ba ta kama ba. To me zan koma nema?" Ki gaya mini, Ammi, ta ina ake fita daga wannan? In ta yi tabo ba a sakewa, in ba ta yi ba ba ta da amfani. Ya rufe ƙofa ta gaba ya rufe ta baya ya zauna a ciki.

Abokinsa Ba Modu ya yi magana har ya gaji. Limamin unguwa ya zo ya ce neman magani ba ya karya tawakkali. Abba ya ce gaskiya ne, Allah gafarta Malam, ya raka shi har ƙofa yana lalube, ya dawo ya zauna. Jidda ya ce in ƙyale tsoho ya huta, abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Shi Jiddan ma, likita ta ce ciwon na bin jini, mu 'ya'ya mu je a auna mu. Ni na je, nawa lafiya tukuna. Shi har yau yana cewa sai ya samu sarari. Ɗan ubansa ne, ba inda ya bar shi.

Haushi nake ji, Ammi, ba zan ɓoye miki ba. Ina jin haushin Abba. Ina jin haushin aikin nan da ya yi kyau har ya sa aka manta da ciwon, da ma ya riƙa ɗan yi masa zafi yana tuna masa. Wani lokacin har ke nake jin haushi, Allah Ya yafe mini, da kika tafi ba ki koya wa kowa yadda ake juya shi ba. Kuma in na zauna ni kaɗai sai in tambayi kaina, me nake jan sa ya je nema? Wahalar hanya, ya zauna gaban na'ura, a ƙara masa shekara ɗaya ko biyu na leƙe ta rami, sannan ta sake hucewa. Amma ta wannan ramin yake ganin kofin shayinsa. Ta nan yake ganin layin da zai bi zuwa masallaci, da fuskar takwararki, ƙaramar 'yata, in ta tsaya daidai gabansa. Ni ina so. Ko na 'yan watanni ne ina so.

Shi ya sa ranar Asabar ɗin nan na yi abin da na daɗe ina jin tsoron yi. Na kwana a gidan. Da gari ya waye na buɗe akwatinki na ɗauko lafayar ruwan toka. Har yanzu humrarki na jikinta, sai da na zauna a bakin gado na ɗan lokaci kafin na iya ɗaurawa. Na haɗa masa kaya a jaka, har da hularsa ta zuwa unguwa. Na je na zauna a dakalin zaure, daidai inda kika zauna, na ajiye jakar a gabana, na kama bakina. Na ce yau zan zama ke.

Na ji takunsa da ƙarar sandar da ya fara riƙewa. Ya shigo zauren zai fita shan hantsi wajen Ba Modu. Na daidaita zama. Ya zo ya wuce, gefen rigarsa ya shafi gwiwata. Bai gan ni ba, Ammi. Ba irin wucewar da ya yi miki ba ce, ta mai gani ya ƙi kulawa. Dakalin a gefe yake, shi kuma ba shi da gefe yanzu. A bakin ƙofa ya ɗan tsaya ya ja numfashi, kamar ƙamshin ya taɓa shi, ya girgiza kai ya fita.

Na ci gaba da zama, don ban san abin da zan yi ba kuma. Rana ta ɗaga. Da ya dawo sai ya yi tuntuɓe da jakar har sandar ta faɗi. Ya fara faɗa, wane mara hankali ne ya ajiye kaya a hanya. Dole na yi magana, na ce ni ce, Abba. Shirun da kika kai shi Kano da shi ke nan ya karye.

Ya juyo ya riƙa nemana da kai, kamar yadda ya nemi idon ragon nan. Ya samo jakar. Ya hau sama a hankali ya samo lafayar, ya bi ta har ya iso fuskata. Ya ce, "Tsaya haka. Kada ki motsa." Na tsaya. Ya daɗe yana kallona, ban san ko ni yake kallo ba. Ya gane komai, jakar da zaman da lafayar, ba sai an faɗa masa ba. Har na fara jin yanzu zai ce tashi mu je.

Sai ya ce, "Ta yi miki kyau. Ki riƙa sa ta in za ki zo, tun ina gani." Ya laluba ya ɗauki sandarsa. "Jakar kuma ki mayar ɗaki, Kaltume, kada wani ya faɗi."

Na mayar, amma ban kwance ta ba, tana nan bayan ƙyaure. Kullum safe da yamma ina zuwa in ɗiga masa magani, yanzu ba ya gudu, yana ɗaga kai da kansa. Kwalbar na nan a gindin randarki. Lafayar kuma ina sawa, in tsaya daidai gabansa. Jiya sai da na matso har sau biyu kafin ya same ni.

Ya Allah, Ka ji ƙan Ammi, Ka gafarta mata, Ka saka mata da Aljanna a kan kowace safiya da ta bi bawanKa da 'yar kwalba. Ya Allah, ban roƙe Ka abin da ya tafi ba. 'Yar kafar nan da ta rage, Ka bar masa ita gwargwadon yadda Ka so, in kuma Ka rufe ta, Ka sanyaya masa duhun, Ka ba ni haƙurin da ban gada ba. Ka haɗa su a inda zai gan ta ko ta wane gefe ta zauna. Amin.

Ki huta lafiya, Ammi.

'Yarki mai baki,
Kaltume
Mairi, Maiduguri